Yasa ta Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina sauka rijiyoyin mutane,
daga Bunza har Dakingari babu ramin da bai san tafin ƙafata ba.
Ban taɓa kawo ranar da zan kwanta rigingine,
wata ta leƙa tawa rijiyar da fitila a goshi ba.

Turmi ne, na ƙasa, hannun hagu.
Damina huɗu ke nan da aka fara haƙa shi,
aka zare jijiya, aka cike, aka ce in je in ci ƙashi.
Na kuwa ci.
Na sha rake, na gwagwiyi goriba,
da shi na kwance ƙullin igiyar guga
ranar da yatsu suka ƙi.

Sai bana, ana cikin yankan shinkafa,
ya fara buga mini ƙofa da tsakar dare.
Dasashi ya fid da ƙurji kamar ƙwayar dawa,
ya fashe, ya dawo, ya fashe.
Kanumfari ya gaji da ni, ruwan gishiri ya gaji.
Tunau wanzami ya kaɗa awartaki ya ce,
"Dubu biyu, Gado, in raba ka da shi ka kwan lahiya."

A Birnin Kebbi, Likita Rifkatu, 'yar Zuru,
ta ɗaga hoton ga hasken taga.
"Duba nan, Baba. Hanya uku aka share wancan karo.
Akwai ta huɗu, siririya, ta lanƙwashe ta ɓuya.
Can gindinta ɗiwa ta kwanta."

Na so in yi dariya, kumburi ya hana.
Ai na san wannan aikin.
Haka rijiyar gidan Sarkin Fawa ta yi mini a Tilli:
na yashe, na karɓi ladana, na kama hanya,
ashe gafiya ta mutu cikin wani kogo a gefe.
Kafin sati biyu ko jaki ba ya shan ruwan.
Ba su binne ta ba. Ni suka sake kira,
na sauka da kunyata ɗaure a ƙugu tare da igiya.

Ige ta ce, "Kuɗin buhu guda a kan haƙori ɗaya?"
Na ce mata na sama fa?
In aka cire wannan, da wa zai yi niƙa?

Likita ta shimfiɗa mini roba a baki,
ta bar shi kaɗai a waje kamar kututture a fadama.
Ta kwashe tsohon ciko, guga bayan guga,
ta zura 'yan allurai da ba su kai tsinken tsintsiya ba.
Ba zafi. Sai dai ƙas-ƙas can cikin muƙamuƙi,
irin wanda na gefen rijiya yake ji in ina ƙasa.
Karon farko da na zama na gefe,
kuma ni ne ramin.

Da ta same ta, ta ce, "Yauwa,"
a hankali, ba da ni take ba.
Haka nake cewa in na taɓa idon ruwa.

Ta sa magani, ta rufe, na yi sati biyu ina tauna da dama,
na koma ta cike hanya huɗu.
Na ce, "Ya zauna ke nan?"
Ta ce, "Ba na rantsuwa. Ka dawo bayan wata shida mu duba."
Na ji daɗin wannan.
Mahaƙin da ya rantse maka a kan ruwa, kada ka ba shi kafin alƙalami.

Yanzu da dare nakan taɓa shi da harshe,
yadda nake sakin tsakuwa in kasa kunne.
Shiru.
Jiya ma shiru.
Akwai goriba guda a aljihun tsohuwar rigata,
na hana jikoki.